Shayin da Ya Hana Aikin Baba

Sau biyu ke nan ana tura gadon Baba har bakin ɗakin aiki, ana juyowa da shi ba a taɓa shi ba. Sau biyu cikin kwana biyar. Auta, wadda ta bar ajinta na 'yan firamare ta tare a asibiti, har ta haddace hanyar: doguwar baranda, kwana a wajen famfon da ba ya rufuwa, sai ƙofa mai ganye biyu da ake turawa da ƙafa.

Ciwon ba ɓoyayye ba ne. Wani ɗan dutse da bai wuce ƙwayar wake ba ne ya zamo daga matsarmamar Baba, ya je ya toshe siririn bututun da ruwan ɗaci ke bi ya zuba a hanji. Ruwan ya rasa hanya, ya koma cikin jini. Idanun Baba suka zama rawaya, jikinsa ya kama ƙaiƙayi, har susa ta yi masa sawu a damatsa.

Likita, wata mace marar son dogon zance, ta ce ba sai an yanka ciki ba. Za a zura wata siririyar roba mai fitila da ido a baki, ta bi maƙogwaro, ta wuce tumbi, ta kai inda bututun ya fito a bakin hanji. A ɗan buɗe bakinsa, a sa ɗan kwandon waya a janyo dutsen. Sharaɗi ɗaya ne tak: ciki ya zama wayam. Awa shida ba ci ba sha, don kada a sa mutum barci abin da ke cikinsa ya taso ya faɗa huhu.

Awa shida fa kacal. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyu yana jan babbar mota, ya sha wuni a hanya ko ruwa bai kurɓa ba, wai shi ne awa shida suka gagara.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne mutumin da ke tsaye a bakin ƙofar nan da takarda a hannu. Dogo ake ce masa, ma'aikacin jinya mai ba da maganin barci. Shi ke yi wa kowane majinyaci tambayar ƙarshe, shi kuma ke da ikon cewa a juya. Kuma shi ne dai mutumin da ya shekara uku yana neman auren Auta, Baba yana cewa a'a.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba," in ji Baba tun a shekarar farko. "Amma da bakina ba zan ce na ba wa Mai Barci 'yata ba. Mutumin da sana'arsa ke nan ya kwantar da mutane kamar gawa."

Wanda Baba ke so daban ne. Mai Taya, ɗan amininsa, mai shagon tayoyi a bakin tasha, wanda Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗauki maganarsa ta ɗora a kai. Tun da aka kwantar da Baba, kullum ƙarfe bakwai na safe sai ga shi da jan fulas na shayi mai kaurin madara da burodi a leda.

Ranar farko Dogo ya rusuna a bakin ƙofa ya ce, "Baba, yaushe rabonka da cin wani abu?"

"Ban ci komai ba. Shayi kawai na sha."

"Da madara?"

"To da me ake shan shayi a gidanku?"

Aka juya da gado. Rana ta biyu haka, sai dai wannan karon har da ɓarin burodi. Baba ya dawo ɗaki yana gaya wa kowa, har mutumin gadon kusa da ba ya ji sosai, cewa ramuwa ce yaron yake yi, don an hana shi aure.

Yau ne karo na uku, kuma yau abin ya wuce wasa. Da sanyin safiya zazzaɓi ya rufe Baba, haƙoransa suna haɗuwa. Likita ta zo zagaye, ta taɓa gefen cikinsa na dama, ya zabura. Ta ja Auta gefe.

"Ruwan da ya tsaya ya fara lalacewa. Yau za a yi, ko ta halin ƙaƙa. Ƙarfe tara. In kika bari ya sa wani abu a baki, ni da ke ne."

Don haka Auta ta jawo kujera ta dasa a ƙafar gado, ta naɗe hannu.

Bakwai daidai sai ga ƙamshin turaren Mai Taya ya riga shi shigowa. Gwaggo na biye da jakarta a hammata.

"Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Yaya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Kawo fulas ɗin."

"Ai na Baba ne."

"Na sani. Kawo."

Ya miƙa yana murmushin da ba ya ƙarewa, murmushin da ke sa Auta jin kamar ta kwaɗa masa fulas ɗin a ka. Ta tura shi ƙarƙashin kujerarta ta taka da ƙafa.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Yau na ga tarbiyya. Bawan Allah ya baro shagonsa ya kawo wa ubanki abin kirki, ki ƙwace kamar ɗan sanda."

"Gwaggo, Likita ce ta hana."

"Likita, ko dai wancan zaƙaƙurin naki?"

Bakwai da rabi ta yi, takwas saura kwata ta yi. Sai wata nas ta leƙo ta ce a je ɗakin magani a karɓo allurar zazzaɓi, yanzu yanzu. Auta ta dubi Baba da ke kwance ido rufe, ta dubi mutanen biyu. Ta sunkuya ta ɗauki fulas ɗin ta tafi da shi a hannu, tana jin kanta mai wayo.

Layin ɗakin magani ya ci mata minti ashirin. Da ta dawo, Gwaggo tana zuge jakarta, Mai Taya yana kallon silin, Baba kuma yana zaune ya jingina da matashi. A gashin bakinsa akwai farin layi na madara.

Auta ta ajiye jan fulas a hankali. Ta miƙa hannu ta zuge jakar Gwaggo ba tare da neman izini ba, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ga wani ƙaramin fulas nan kwance a kan ɗankwali, bakinsa da ɗumi.

"Gwaggo."

"Kada ki yi mini wannan kallon. Rabin kofi ne. Shayi ai ba abinci ba ne."

"Gwaggo, kin ji abin da Likita ta ce kuwa? Kin ga idonsa? Kin ga yadda yake rawar sanyi?"

"Shi ya sa na ba shi abu mai ɗumi. A tura mutum ɗakin aiki da ciki wayam, da wane ƙarfi zai tashi? Haka suka yi wa mahaifiyarki. Tun yamma suka hana ta ko ruwa, ina zaune tana roƙona in jiƙa mata leɓe, na ƙi, wai ina bin doka. Aka shiga da ita. Ta fito?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Umma a kan gadon tiyata, kuma ba a taɓa ɗaga maganar a gaban Baba ba.

Mai Taya ya gyara murya. "Ni dai ina ganin, in an ba ni dama, akwai wani asibiti da na sani, ba su da wannan tsirfar. Sai in kawo mota..."

"Don Allah ku ba ni wuri," in ji Auta. "Ku duka biyun."

Ta ja labule ya kewaye gadon. Ta tsaya a kan Baba.

"Baba, ni ka raina, ko kanka?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara uku. Ka ce ba ka son Dogo, na yi shiru. Ka ce in daina kawo shi gida, na daina. Ƙannen ƙawayena sun yi aure ina zaune, ban taɓa ɗaga maka murya ba. Amma wannan ba zancen aure ba ne. Gwaggo ba ta sani ba, na yarda. Mai Taya ba abin da ya sani sai taya. Kai fa? Kai da aka yi wa bayani sau biyu, har da zane a takarda? Kai da ko likitan ido ya ce ka ɗiga magani ƙarfe shida, shida saura minti biyar kana riƙe da kwalba?"

Baba ya kau da kai wajen bango.

"Ba a ƙin abin da baƙo ya kawo."

"Kai ne ba ka ƙin abin baƙo? Kai da ka mayar wa Dogo da agogon da ya kawo maka, ko kwalin ba ka buɗe ba?"

Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu da fushi, don ba kuka take so ta yi ba, faɗa take so. Sai ta ga hannun Baba a kan bargo. Ya damƙe bakin bargon har jijiyoyi sun fito, kuma rawar da yake yi ba ta zazzaɓi kaɗai ba ce.

Ta zauna a bakin gado.

"Baba, da gangan kake sha."

Ya ƙara damƙe bargon.

"Ka san in ka sha za a juyo da kai. Shi ya sa da an tambaye ka kake saurin faɗa."

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce, ta wani tsoho ce da ba ta sani ba.

"Ni na sa hannu a takardar mahaifiyarki. Wani yaro ya zo da farar riga, mai fara'a, ya ce Baba kada ka damu, barci kawai za ta yi. Na ce mata ki je, ina nan ƙofa. Ta ce in riƙe mata zobenta. Duk lokacin da suka turo ni na hango ƙofar nan, sai in ji ƙafafuna sun mutu. Ni, da na sauko da mota mai taya goma sha takwas daga kan tudu ba birki. Me zan ce wa mutane? In ce tsoro nake ji?"

"Ni za ka gaya wa. Ni ba mutane ba ce."

"Ke ce ma ba zan gaya wa ba. In ban farka ba, wa zan bar ki da shi?"

Ta kifa kai a kan hannunsa ta yi kukan da take ta dannewa. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai sake ta ba. Kwana biyar ana zagin Dogo a ɗakin nan da sunan ramuwa, alhali wanda ke zagin ya san gaskiya.

Aka yi gyaran murya a bayan labule. Auta ta san ta ko a cikin kasuwa.

Dogo ya shigo da shuɗin kayan aiki, sai da ya sunkuyar da kai saboda ƙarfen labulen. Ya gaida Baba har ƙasa kamar kullum, Baba ya amsa da hanci kamar kullum. Ya dubi fuskar Auta, ya dubi gashin bakin Baba. Bai ko buɗe takardarsa ba.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas da 'yan mintoci," in ji Auta.

Ta jira ya yi fushi. Wallahi da ya yi fushi da ta ji daɗi, ko ba komai ta sami abokin takaici. Amma Dogo ba ya fushi, kuma wannan na cikin abubuwan da ke ba ta haushi da shi. Ya duba agogon bango yana motsa leɓe.

"Biyu da rabi ke nan. Zan je in roƙi Likita ta dawo bayan ta gama ganin marasa lafiya, in roƙi mai ɗaukar hoton ciki ya riƙe mana ɗakin. Za ta yi mini faɗa, amma za ta zo. Kafin nan za a sa masa ruwa da allurar zazzaɓin."

"Kai ba ƙarfe biyu kake tashi ba?"

"Yau ba na tashi."

Baba ya ce da bango, "Ba wanda ya roƙe ka."

Dogo ya jawo kujerar Auta ya zauna, gwiwoyinsa har suna taɓa gado. Tabbas ya ji abin da aka faɗa a bayan labule, amma ko a fuska bai nuna ba.

"Baba, in ka ba ni minti biyu zan gaya maka aikina, don ban taɓa samun dama ba. In an kwantar da kai a gefenka na hagu, za a sa maka wata 'yar roba tsakanin haƙora. Likita allo take kallo. Mai hoto injinsa yake kallo. Ni ba na kallon komai sai kai. Numfashinka, bugun zuciyarka, launin leɓenka. Ba na amsa waya, ba na juya baya, ba na fita. Daga lokacin da ka rufe ido har ka buɗe, ina tsaye a kanka."

"Wancan ma haka ya ce."

"Ban san abin da ya faru ranar ba, kuma ba zan ce maka ba haɗari ba. Akwai. Wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, bakinta ɗaya da bututun nan, wani lokaci takan kumbura bayan aiki, mutum ya yi kwanaki yana ciwo. Ana iya ɗan zubar da jini. Waɗannan muna da abin yi a kansu. Dutsen nan kuwa in aka bar shi da zazzaɓi, ba shi da kwanaki da yawa da zai ba mu. Ka taɓa yin gyangyaɗi a kan sitiyari, Baba?"

Baba ya juyo a fusace. "Ni? Ko sau ɗaya."

"To ni ma haka."

Ya miƙe ya fita. Baba ya bi bayansa da rawayan idanunsa, ya ja tsaki, amma tsakin ba shi da ƙarfi.

Awa shidan nan Auta ba ta ko je bayan gida ba. Ta kwashe duk abin da ake iya haɗiyewa daga kan durowa, har da man shafawa. Mai Taya ya sake leƙowa da maganar motarsa da asibitinsa, ta dube shi ta ce, "Malam, na gode da ɗawainiya. Amma ko Dogo bai zo duniya ba, ba zan aure ka ba. Ka je ka buɗe shago." Murmushin ya mutu a karo na farko, ya ɗauki jan fulas ɗinsa ya tafi. Gwaggo ta zauna a ƙofa tana ta ƙunƙuni, wai an kori arziki da tsintsiya.

Biyu da rabi aka turo gado. A kwanar famfo Baba ya kamo hannun Auta ya matse har ta ji zafi. A bakin ƙofa Dogo yana tsaye da takardarsa.

"Baba, yaushe rabonka da cin wani abu?"

"Ka fi ni sani."

Ƙofar ta rufe. Auta ta zauna a benci, Gwaggo ta zauna a can ƙarshensa. Bayan minti goma Gwaggo ta matso. Bayan ashirin ta kama gefen mayafin Auta ta riƙe, bakinta na motsi da addu'a.

Minti arba'in da biyar Likita ta fito tana cire safar hannu.

"An gama. Duwatsu biyu ne ma, ɗaya na ɓoye a bayan ɗaya. Ruwan ya wuce. Za mu sa masa ido zuwa gobe, kuma kada a ba shi komai sai na ce." Ta kalli Gwaggo da ta faɗi wannan.

"Ina duwatsun?" in ji Gwaggo. "A nuna mana."

"Mun sake su a hanji, za su fita da kansu."

"To wa ya shaida an cire?"

Likita ta dubi Auta kamar mai yi mata jaje, ta wuce.

A ɗakin farfaɗowa Baba yana kwance da robar iska a hanci, idanunsa rabi a buɗe. Dogo na tsaye a kansa kamar yadda ya ce, yana rubuta lambobin da ke kan allo. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗaga hannu da ƙyar ya kamo rigarsa.

"Kana nan."

"Ina nan, Baba."

"Ba ka fita ba."

"Ban fita ba."

Hawaye suka gangaro ta gefen idon Baba zuwa kunne. Harshensa ya yi nauyi, amma kowace kalma ta fito.

"Na zalunce ka, yaro. Auta, zo nan. Ke ma ki zo ki ji," ya ce da Gwaggo. "Na ba shi. Na ba shi Auta. Ku shaida."

Auta ta dafa ƙarfen gado. Shekara uku. Shekara uku tana jiran waɗannan kalmomi, ga su sun fito a gaban Gwaggo, a gaban nas biyu. Ta dubi Dogo fuskarta jiƙe, tana jiran ya durƙusa ya yi godiya.

Dogo ya kama hannun Baba a hankali, ya cire shi daga rigarsa, ya mayar kan bargo.

"Baba, ka huta. Wannan maganar ba ta yau ba ce. Ban karɓa ba."

Auta ta ɗauka kunnenta ne. Ta jira har wata nas ta karɓe shi, sannan ta nuna masa baranda da ido. Suna fita ta juyo.

"Me ka ce?"

"Auta, ki saurare ni."

"Malam, me ka ce wa mahaifina?"

"Maganin da na ba shi bai sake shi ba. Mutum yakan yi magana kamar yana cikin hayyacinsa, bayan awa biyu bai san ya yi ba. Duk wanda muka sallama sai na karanta masa da bakina: yini da kwana ɗaya kada ya ja mota, kada ya sa hannu a takarda, kada ya yanke wata babbar shawara. Yau da safe na faɗa wa mutum huɗu."

"To ai ba takarda ba ce. Ni ce."

"Shi ya sa."

"Akwai shaidu. Gwaggo ta ji. Baba bai taɓa janye maganar da ya yi a gaban mutane ba, ko da za ta kashe shi. Da ka ce na gode, shi ke nan, an gama. Kalma biyu, Dogo."

"Na sani. Ina tsaye na ji su a bakina." Muryarsa ta ɗan karye. "Amma ni na zuba masa maganin da hannuna. Shekara uku yana cewa sana'ata kwantar da mutane ce in yi yadda na ga dama da su. In na karɓe ki a haka, ya yi gaskiya ke nan. Kullum ya gan ni a gidansa zai tuna."

"In ya farka ya ce a'a fa?"

"Sai in ci gaba da jira."

"Kai ka ci gaba da jira. Ni an tambaye ni? Shekarata talatin da ɗaya. Na gaji da jira, na gaji da haƙuri, na gaji da mutanen kirki. Ubana ya kusa kashe kansa don kada a ce yana tsoro, kai kuma ka jefar da ni don kada a ce ka yi wayo. Duk ku biyun kanku kuke dubawa, ni ina tsakiya kamar wannan bencin."

"Ban jefar da ke ba."

"Tafi ka duba numfashin wani."

Ta bar shi a nan tsaye, hannayensa a sake. Ta je wajen famfon da ba ya rufuwa ta wanke fuska sau uku. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san yana da gaskiya, kuma ba ta taɓa son sa kamar yadda take son sa a wannan minti da take jin kamar ta shaƙe shi ba.

Wajen ƙarfe biyar aka mayar da Baba ɗakinsa. Zazzaɓin ya fara sauka. Ya yi barci ya farka, wannan karon idanunsa tar, ya dubi silin, ya dubi ledar ruwan da ke rataye, ya shafa cikinsa yana neman ɗinki.

"Sun sake juyowa da ni?"

"An yi, Baba. An cire."

"Yaushe?"

"Tun ɗazu."

"Ikon Allah. Ni dai na ga ƙofa." Sai fuskarsa ta koma irin ta kullum. "Wancan Mai Barcin bai dai zo ya tsaya mini a ka ba ko?"

Shi ke nan, alkawarin ya tafi, kamar ba a yi ba. Auta ta sunkuyar da kai tana gyara bargon da ba ya buƙatar gyara.

Baba ya dube ta, ya dubi ƙanwarsa da ke zaune ta ƙura wa jakarta ido.

"Me ya faru kuke wani sunkuye-sunkuye? Na yi wata magana ne?"

Auta ba ta ɗago ba. In ta faɗa, zai ce ƙarya take don son ranta. Mutum ɗaya ce a duniya zai yarda da ita, kuma ita ce ta kwana biyar tana yi wa Mai Taya yaƙi.

Gwaggo ta buɗe jaka, ta rufe. Ta gyara ɗaurin kai. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda za a cire wa haƙori.

"Yaya, ka ba da 'yarka. A gabana, da bakinka, kana kuka."

"Ni? Wa na ba?"

"Dogon."

Baba ya yunƙura zai tashi, robar hannunsa ta ja shi. "Na sani. Na san abin da zai yi ke nan. Ya bugar da ni da magani ya..."

"Ya ƙi karɓa."

Baba ya tsaya da baki buɗe.

"Ya ce ba ka cikin hankalinka, maganar ba ta yau ba ce. Ya cire hannunka daga rigarsa ya ajiye maka." Gwaggo ta kau da kai. "Ni dai abin da na gani ke nan, ba zan yi ƙarya da tsufana ba."

Baba ya koma kan matashi a hankali. Ya daɗe yana kallon Auta, kamar yau ya fara ganin idanunta da suka kumbura.

"Na ba shi 'yata," ya ce, yana auna kowace kalma, "ya ce bai karɓa ba."

"Haka aka yi."

"'Yata. Ni ya ce wa bai karɓa ba."

Ya goge gashin bakinsa da tafin hannu, ya gyara wuyan rigar asibitin kamar mai shirin karɓar baƙo.

"Auta, ɗaga mini gadon nan in zauna sosai. Sannan ki je ki kira mini shi."